Zafin Kwamfuta Bayan Sauya Manhaja: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, watau ranar da kamfanin Microsoft na Amurka ya daina kula da babbar manhajarsa ta Windows 10 bayan ta yi shekara goma tana aiki, masu kwamfutar tafi-da-gidanka da yawa a ƙasar nan suka shiga tsaka mai wuya. Kwamfutocin dai ba su daina aiki a ranar ba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro waɗanda kamfanin ya saba aikowa kowane wata, sai fa ga waɗanda suka yi rajistar wani shiri na ƙarin shekara guda. Ita kuwa magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta zo da sharuɗɗa masu tsauri. Tana bukatar wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, tana kuma bukatar furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta zamani. A ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas ne, wanda ya fara fitowa a 2017. Kowa ya san kasuwar kwamfuta a Nijeriya ya san akasarin abin da ke hannun ma'aikata da ɗalibai na hannu ne, an gama cin moriyarsu a Turai ko Amurka kafin su iso Ikko, daga can su bazu zuwa Kano da Kaduna da Bauchi. Da yawa daga cikinsu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Saboda haka jama'a suka rabu biyu. Wasu suka sa masu gyara su cusa musu Windows 11 ta bayan gida, wasu kuma suka koma wa Linux, manhajar nan ta kyauta wadda Linus Torvalds ya fara ƙirƙira a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, wadda a yau take da rassa irin su Ubuntu da Linux Mint. To, ko wace hanya mutum ya bi, koke iri uku ne ake ta ji daga baya: kwamfuta ta ɗauki zafi kamar dutsen guga, ko ta sandare ana cikin aiki, ko kuwa ta mutu farat ɗaya ba sallama. Nan da nan sai a yanke hukunci cewa sabuwar manhaja ce ta lalata ta. Abin da ya faru da wani ma'aikacin gwamnati mazaunin unguwar GRA a Bauchi ya isa ya nuna cewa wannan hukunci yana bukatar a sake dubawa.

Mutumin dai ya ba shekara hamsin baya, yana kuma karatun digiri na biyu a gefen aikinsa. Kundin bincikensa, wanda ya shafe kusan shekara biyu yana haɗawa, yana cikin wata tsohuwar kwamfuta wadda ya saya ta hannu shekaru da suka wuce. Da ya ji labarin ƙarewar Windows 10 sai hankalinsa ya tashi, ya kira ɗan ƙanensa, wani matashi mai ilmin kwamfuta, ya nemi shawara. Yaron ya duba ya ce, "Baffa, wannan ba za ta ɗauki Windows 11 ba, amma ba sai kun sayi sabuwa ba. Ku bari in sa muku Linux Mint, ta fi sauƙi, ba a kuma biyan ko kwabo." Ya kwashe masa takardunsa a filas, ya sauya manhaja, ya mayar da su. Wannan kuwa a ƙarshen hunturu ne, bazara na ƙwanƙwasa ƙofa.

Ba a yi mako guda ba fanka ta fara kuka kamar injin niƙa. Ƙasan kwamfutar ba ya taɓuwa don zafi. Wata rana da azahar yana tsakiyar gyaran babi na huɗu, ga wa'adin miƙa kundi saura 'yan makonni, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Aikin awa biyu ya salwanta. Washegari haka, jibi haka. Ya ɗauke ta ya kai wa wani mai gyara a cikin gari, shi kuwa ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Alhaji, ai wannan Linux ɗin ce ta ƙona muku allon ciki. Gara ku sayar mini da ita a matsayin kayan gyara, ku cika kuɗi in ba ku wata." Ya dawo gida ransa a ɓace, ya kira yaron ya faɗa masa maganganu masu zafi, har zumunci ya fara tsami. Ga kundi cikin haɗari, ga kuɗin sabuwar kwamfuta da ba a tanada ba, ga ɗan'uwa ya ji kunya ya daina zuwa gidan.

INA ZAFIN YAKE FITOWA?

Kafin a ga yadda ta ƙare, ya kamata mai karatu ya fahimci yadda kwamfuta take zama da zafi tun asali. Duk wutar lantarkin da furosesa ta sha, zafi take komawa. Domin fitar da shi, masu ƙira sun ɗora wani farantin tagulla a kanta, da bututun tagulla wanda yake jan zafin zuwa wasu siraran haƙoran ƙarfe kamar matsefi a bakin tagar iska, sa'an nan fanka ta huro iska ta cikin haƙoran ta fitar da zafin waje. Tsakanin furosesa da farantin akwai wani mai mai kauri kamar man goge baki, wanda aikinsa shi ne cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya ratsa. Da shekaru man nan yakan bushe ya farfashe kamar busasshen laka.

Ita furosesa tana da ma'aunin zafi a jikinta. Galibin na kwamfutar tafi-da-gidanka iyakarsu kimanin digiri 100 ne a ma'aunin Salsiyas. In zafi ya doshi wannan iyaka sai ta rage wa kanta gudu, shi ne mai aiki yake ganin komai ya yi nauyi. In rage gudun bai wadatar ba, sai ta yanke wutar baki ɗaya. Watau mutuwar nan ta farat ɗaya, wadda take fusata mutane, sau da yawa dabara ce ta ceton rai. Da ba ta yi haka ba, da ƙonewar da ake tsoro ta tabbata.

Har wa yau akwai batun ƙasa da yanayi. Yawancin kamfanonin ƙera waɗannan kwamfutoci suna rubuta cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Alhali kuwa a watannin Maris da Afrilu zafin rana a Bauchi yakan kai digiri 38, wani lokaci ya doshi 40. Gaskiya ne GRA ta yi sa'ar itatuwa da manyan filaye tun zamanin Turawa, inuwar darbejiya da mangwaro tana rage wa gidajenta raɗaɗin rana, to amma ɗakin da aka rufe da rufin kwano, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ba ruwansa da sunan unguwa. Iskar da kwamfuta za ta sha don ta huce ita ma da zafinta take shiga. Daɗin daɗawa, kafin bazara ta zo, hunturu ya riga ya yi wata uku ko huɗu yana tura ƙura mai laushi kamar gari ta kowace kafa. Ƙurar nan tana haɗuwa da zaren tufafi da na darduma ta toshe haƙoran ƙarfen, har ta zama kamar tsumma. Ga kuma al'adar ɗora kwamfuta a kan katifa ko matashin kai ko cinya, inda tagogin iskar da ke ƙasanta suke rufewa ruf.

RABON MANHAJA A CIKIN LAIFIN

Duk da haka ba za a wanke manhaja tas ba, don ruwa ba ya tsami banza. Akwai wata yarjejeniya mai suna ACPI wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, ita ce ta tsara yadda babbar manhaja za ta yi magana da jikin kwamfuta game da wuta, da barci, da zafi. Masu ƙera kwamfuta galibi da Windows suke gwada kayansu, su kuma rubuta mata ƙananan manhajoji na musamman, waɗanda masu gyara suke kira direbobi, masu lura da yawan wutar da kowane sashe zai sha. Ranar da aka goge tsohuwar manhaja, direbobin nan ma sun tafi. Sabuwar za ta zo da nata na gama-gari, waɗanda wani lokaci suna dacewa, wani lokaci kuma ba su san halin wannan kwamfuta ba.

Misali mafi shahara shi ne na kwamfutoci masu katin hoto biyu. Tun daga 2010 kamfanin Nvidia ya fito da wata dabara mai suna Optimus: ƙaramin kati mai tsimin wuta yana ɗaukar aikin yau da kullum, babban kuma yana barci sai an zo aiki mai nauyi. In ba a sa direban da ya dace ba, babban katin yana iya kwana a kunne yana shan wuta yana fitar da zafi, ko da rubutu kawai ake yi. Haka kuma wasu ƙananan furosesoshin Intel na zubin Bay Trail, waɗanda suka fito wajen 2013 aka kuma zuba su cikin kwamfutoci masu araha, sun yi suna wajen sandarewa a kan Linux saboda matsalar shiga barci mai zurfi, har masu amfani da su suka saba da ƙara wani ɗan umurni a wurin tayar da manhaja don hana su zurfafa barcin. Ita ma Windows ba ta tsira ba. A kwanakin farko bayan an sa ta takan duƙufa tana sauko da gyare-gyare tana lissafa fayiloli a ɓoye, furosesa na ta aiki mai ita bai sani ba. Wanda kuma ya cusa Windows 11 a kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba, ya sani kamfanin ya riga ya bayyana cewa bai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya ba.

Abin lura a nan shi ne, sauyin manhaja yakan ƙara wa kwamfuta ɗan kaya, lafiyayya kuwa za ta ɗauka ba tare da kowa ya ji ba. Wadda ƙura ta riga ta shaƙe, man furosesarta ya bushe, ita ce take durƙushewa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

YADDA AKA BI DIDDIGI

Bayan kwana biyu zuciyar ma'aikacin nan ta yi sanyi, uwargidansa ta sa baki, aka kira yaron. Ya zo ya durƙusa ya gaida baffansa, sa'an nan ya ce, "Baffa, ku ba ni yini ɗaya. In na kasa gano matsalar, ni da kaina zan mayar muku da Windows ɗinku." Ya tafi da ita wurin wani mai gyara daban, dattijo mai haƙuri, suka zauna suka bi abin daki-daki. Tsarin da suka bi shi ne ya cancanci a riƙe.

Da farko suka kwashe kundin da sauran takardu a filas biyu, suka kuma aika kwafi ta imel, tun kafin a taɓa ko kusa ɗaya. Na biyu, suka raba gardama tsakanin jiki da manhaja. Suka kunna kwamfutar suka shiga shafin BIOS, watau ɗan shirin da ke zaune a jikin allon ciki wanda yake tashi tun kafin Windows ko Linux, suka bar ta a nan. A wannan wuri babu hannun babbar manhaja ko kaɗan. Ba a jima ba fanka ta fara ihu, iskar da ke fita ta taga kuwa 'yar kaɗan ce. Dattijon ya kara hannu ya ce, "Ka gani, yaro? Fanka tana gudu, iska ba ta fita. Hanya ce a toshe." Wannan gwaji kaɗai ya rushe maganar mai gyaran farko, domin allon da ya ƙone ba zai ma tashi ya nuna BIOS ba.

Suka kwance ta, bayan sun cire caja da batir. A bakin haƙoran ƙarfen suka zaro wani dunƙulen ƙura jajaye-jajaye kamar guntun bargo. Suka share da burushi mai laushi, suka hura iska suna riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi gudun da ya wuce ƙima. Suka ɗaga farantin tagulla suka tarar man ya bushe ƙayau, suka goge shi da sifirit, suka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ya kamata a faɗa a nan cewa wannan aiki na wanda ya iya ne. Mai koyo yana iya tsinka siraran wayoyi ko ya karya maƙalai.

Da aka mayar da ita, sai yaron ya karɓi ɓangarensa. A Linux akwai wani umurni mai suna sensors wanda yake nuna zafin furosesa a take, kamar yadda masu Windows suke da manhajoji irin su HWMonitor. Zafin ya sauka ƙwarai, amma bai kai inda ake so ba ga kwamfutar da ba ta aikin komai. Da ya bincika sai ga shi tana da katin hoto biyu, babban kuma yana kunne. Ya buɗe wurin zaɓen direbobi na Linux Mint, ya sa wanda ya dace, ya umurci kwamfutar ta riƙa aiki da ƙaramin katin. Ya ƙara mata TLP, wata 'yar manhaja mai tsimin wuta. Nan fanka ta yi shiru. Watau shi ma yaron akwai matakin da ya tsallake ranar farko, amma rabonsa a cikin laifin ƙarami ne.

Ba su tsaya nan ba, don sandarewa da mutuwa ba kullum ne 'ya'yan zafi ba. Suka karanta littafin tarihin da manhaja take rubutawa da kanta. A Linux umurnin journalctl yana nuna abin da ya gudana kafin mutuwar da ta gabata. A Windows kuwa ana duba Event Viewer, inda lamba 41 take nufin kwamfuta ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, ko da yake ba ta faɗar dalili. Suka gwada ma'ajiyar wucin gadi, watau RAM, da MemTest86+, domin RAM mai rauni tana sandarar da kwamfuta ko da a cikin sanyi ne. Ta fita lafiya. Daga ƙarshe suka duba batir, suka tarar ya mutu murus, ba ya riƙe wuta ko ta minti ɗaya. Ashe wasu daga cikin mace-macen ba na zafi ba ne sam: duk lokacin da wuta ta yi ƙyaftawar ido, ko aka juya daga wutar gari zuwa janareta, kwamfutar ba ta da abin dogaro sai ta faɗi. Cuta uku ce ta taru a jiki ɗaya aka ba ta suna ɗaya. Kuɗin da aka kashe duka, har da sabon batir, bai kama ƙafar kuɗin wata kwamfutar ba, kundin kuma ya isa hannun malamai cikin wa'adi.

DARASI GA MASU KWAMFUTA DA MASU GYARA

Daga wannan labari mai karatu zai iya tsintar alamomin da za su taimake shi tun kafin ya je shagon gyara. In kwamfuta tana mutuwa bayan ta jima tana aiki, fanka na kuka, jikinta da zafi, ta kuma ƙi tashi sai ta huce, to zafi ne. In tana mutuwa da zarar an zare caja ko wuta ta girgiza, a tuhumi batir da caja, musamman cajar jabu wadda ba ta ba da ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai kuwa haɗari ne na gobara, a cire shi ba tare da jinkiri ba. In tana sandarewa alhali jikinta da sanyi, a duba RAM, da faifan ajiya, da direbobi. Kwamfuta mai RAM gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa takan yi nauyi har a zaci ta sandare, sauya faifan da SSD kuwa yakan sa ta zama kamar sabuwa. Wanda kuma yake shirin komawa Linux, ya sani Ubuntu da Linux Mint duka ana iya tayar da su daga filas a gwada su na wasu awoyi ba tare da an goge komai ba. Sauri ya haifi nawa. Ya fi kyau a share ƙura a sauya mai kafin a sauya manhaja, a kuma duba ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya fitar da sabon BIOS.

Su ma masu gyara akwai magana a kansu. Da yawa suna da gaskiya da ƙwarewa, amma akwai waɗanda magani biyu kaɗai suka sani: ko a yi fomatin, ko a ce allo ya ƙone. Fomatin ba ya cire ƙura, yana dai iya cinye aikin shekaru. Cewa allo ya ƙone ba tare da awo ba kuwa zalunci ne ga mai kaya, a lokacin da farashin kwamfuta ya fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikata. Mai kwamfuta yana da hakkin ya tambaya: me aka auna, me aka gani? Duk mai gyaran da ya kasa amsa wannan, a ɗauki kaya a ƙara gaba.

Akwai kuma abin da ya wuce aljihun mutum ɗaya. Ofisoshin gwamnati da makarantu da ƙungiyoyin da ke da mazauni a GRA da sauran unguwannin Bauchi, da takwarorinsu a sauran jihohi, suna da tarin kwamfutocin da ba su cika sharaɗin Windows 11 ba. In aka gwada Linux a kan biyu ko uku masu cike da ƙura, suka yi zafi, aka yanke cewa manhajar ce ba ta da kyau, to sauran duka za su ƙare a ɗakin ajiya ko a hannun 'yan gwangwan, a sake fitar da kuɗin jama'a a sayo sababbi, alhali kuwa burushi da ɗan mai da direban da ya dace sun isa su ƙara musu shekaru. Ya kamata kowane ofis ya sa wa kansa ƙa'idar share kwamfutocinsa sau ɗaya a shekara, a ƙarshen hunturu kafin zafin Maris ya sauka. Mai kwamfuta a gida kuma ya ɗora ta a kan tebur ko faranti mai tauri, ya ɗan ɗaga bayanta don iska ta ratsa, ya bar aiki mai nauyi sai da safe ko da dare, ya kuma ajiye kwafin muhimman takardunsa a wuri biyu. Kunne ya ji, jiki ya tsira.